Jikka uku, Asabar huɗu: bitar darasin tikitin jam'iyyu biyu a wata cibiyar kwamfuta ta Maradi

A unguwar Zariya, kan wata kwana da ba ta da nisa da bakin kwalta, akwai wata ƙaramar cibiyar koyon kwamfuta wadda shekara da shekaru aikinta bai wuce buga takardu, fotokofi da koya wa ƴan makaranta rubutu da na'ura ba. Tun bara masu ita suka ƙaro wata hidima, wato darussan yammacin Asabar, kowane wata da batun da ake ɗauka, kuma duk mai so yana iya biya ya shiga ko da bai yi boko mai zurfi ba. Wanda na halarta an rubuta da alli a allon ƙofa cewa darasi ne a kan yadda talakawan Amurka ke ƙoƙarin tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa da mataimakinsa daga jam'iyyu biyu masu hamayya da juna. Kuɗin shiga jikka uku ne, zama huɗu, daga bayan sallar La'asar zuwa kiran Magariba. Ba zan faɗi sunan cibiyar ba, domin a abin da zan rubuta akwai yabo akwai kuma suka, ga shi masu ita mutane ne da muke haɗuwa da su a sahu ɗaya.

Ni malamin tarihi ne a makarantar sakandare, kuma shekarar zaɓen Amurka ba ta taɓa zagayowa ba tare da wani ɗalibi ya tambaye ni dalilin da ya sa ƙasa mai mutane sama da miliyan 330 ta kasa fitar da ƴan takara na gaske sai biyu ba. Amsar da nake bayarwa ba ta gamsar da ni, balle su, kuma wannan ne ya kai ni wurin. Ɗakin dogo ne mai taga ɗaya, da kwamfuta 12 waɗanda 8 daga cikinsu ne ke tashi, da fanka biyu da ke juya iskar zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Mu 22 ne muka yi rajista. Mafi yawa ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ne, sai wani Alhaji mai sayar da atamfa a babbar kasuwa wanda ba ya rabuwa da rediyonsa safe da yamma, da wani dattijo tsohon ma'aikacin gwamnati, da mata huɗu, ciki har da wata malamar asibiti. Mai koyarwar saurayi ne da bai kai shekara talatin ba, ya karanta kimiyyar siyasa, kuma da Hausa yake bayani, sai inda kalma ta ƙi ya ara daga Faransanci.

Zaman farko shi kaɗai ya biya kuɗin da na bayar. Saurayin bai kunna kwamfuta ba ma. Ya zo da kwanon gyaɗa ɓararriya wadda ya riga ya ƙirga ƙwaya 538, adadin wakilan da ke zaɓen shugaban Amurka ke nan, ya kasa ta a kan tebur tuli 51, wato jihohi 50 da birnin Washinton. Tulin Kalifoniya ƙwaya 54 ne, na Teksas 40, na Wayomin kuwa 3 kacal. Ya ce talaka a can ba shugaba yake zaɓa kai tsaye ba, tulin jiharsa yake yanke wa hukunci, kuma ban da jihohin Men da Nebraska masu raba nasu, duk wanda ya fi ƙuri'a a jiha, ko da da guda ɗaya ce, shi ke kwashe tulin baki ɗaya. Mai son kujera sai ya tara ƙwaya 270. Idan babu wanda ya kai, majalisar wakilai ce ke zaɓa, kowace jiha da ƙuri'a ɗaya, kamar yadda aka yi bayan zaɓen 1824 lokacin da aka ba John Quincy Adams.

Daga nan ya kawo labarin Ross Perot, attajirin Teksas da ya tsaya ba jam'iyya a 1992 ya samu kusan kashi 19 cikin ɗari, ƙuri'a sama da miliyan 19. Ya bi tulin nan ɗaya bayan ɗaya yana tura wannan wa Bill Clinton, wancan wa George Bush babba, har tebur ya ƙare, gaban Perot babu ko ƙwaya. Ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan Alhaji ya gyara hularsa ya ce: "Mushe, wato kamar mutum ya kai kayansa kasuwa hamsin, a kowace a taru a yaba, amma ya dawo gida bai yi cinikin ko dala ba?" Saurayin ya ce: "Baba Alhaji, ai ka gama darasin." Shekara goma sha ina zana wannan tsari a allo da jadawali, ban taɓa ganin ya shiga kan mutane kamar yadda kwanon gyaɗar nan ya shigar da shi cikin rabin awa ba. Ya kuma nuna cewa George Wallace, wanda bai kai Perot ƙuri'a ba a 1968, ya samu wakilai 46 saboda magoya bayansa a dunƙule suke a jihohi biyar na kudu, kuma tun daga shi babu wani ɗan takara na uku da ya sake cin jiha. Abin da masanin Faransa Maurice Duverger ya bayyana tun a shekarun 1950, cewa zaɓen zagaye ɗaya da mai rinjaye ke kwashe komai yana tura ƙasa zuwa jam'iyyu biyu, sai ga shi a kan tebur ana iya taɓa shi da hannu.

Zama na biyu na tarihi ne, kuma a nan na fara samun abin da zan yi ƙorafi a kai. Dabarar tikitin haɗin gwiwa a taƙaice ita ce, tunda ɗan takara na uku yakan mutu ne saboda ba shi da gida, to a ɗauko ɗan Rifablikan da ɗan Dimokurat a haɗa su a takarda ɗaya, domin a yagi rabo daga gidajen biyu. Mai koyarwar ya fara da 1864, lokacin yaƙin basasa, inda Abraham Lincoln na Rifablikan ya tsaya da Andrew Johnson, ɗan Dimokurat daga jihar Tenesi, suka kuma ci zaɓe. Ya kawo shi a matsayin hujjar cewa abin yana yiwuwa, ya wuce cikin minti biyu. Abin da bai tsaya a kai ba shi ne mafi nauyi. An harbe Lincoln a Afrilun 1865, makonni shida kacal bayan rantsuwarsa ta biyu, sai mulki ya faɗa hannun Johnson, wanda ra'ayinsa game da jihohin kudu da haƙƙin bayin da aka ƴanta ya saɓa wa na jam'iyyar da ta kawo shi. Ya dinga hawa kujerar na ƙi a kan dokokin majalisa, majalisa ta dinga tsallake shi, har a 1868 aka kai shi gaban majalisar dattawa domin tsige shi, ya tsira da ƙuri'a ɗaya. Mataimaki ba ado ba ne, magaji ne, kuma duk wanda ya jefa wa irin wannan tikiti ƙuri'a ya amince ke nan cewa idan ajali ya zo, manufar da ya ƙi ce za ta hau gado. Darasin da aka sa wa wannan suna bai kamata ya bi ta kan Johnson a guje ba. Da na ɗaga hannu na faɗi haka, ya amsa da ladabi cewa lokaci ne ya yi kaɗan, amma ya samu lokacin da ya ɓata wajen neman wani bidiyo da intanet ɗin cibiyar ya ƙi buɗewa.

John Anderson da Patrick Lucey, ɗan Rifablikan da tsohon gwamnan Wiskonsin na Dimokurat, sun gwada a 1980, sun tashi da ƙasa da kashi 7 cikin ɗari ba tare da wakili ko ɗaya ba. Wannan ma an ambata an wuce, kuma ban ga laifi ba.

Inda ya yi dogon bayani, kuma ya yi shi da kyau, shi ne yunƙurin zamanin intanet. Na farko Unity08, wadda aka kafa a 2006, cikin waɗanda suka kafa ta akwai Hamilton Jordan da Gerald Rafshoon, tsofaffin hadiman Shugaba Jimmy Carter, da Doug Bailey wanda ya yi wa Gerald Ford aiki. Niyyarsu ita ce a yi babban taron fidda gwani a intanet, kowa daga ɗakinsa. Hukumar da ke sa ido kan kuɗin zaɓe ta tarayya ta ce ƙungiyar siyasa ce, saboda haka mutum ɗaya ba zai ba ta fiye da dala 5,000 a shekara ba. Kuɗi ya yanke, a farkon 2008 aka dakatar da aiki, sai a 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya, bayan zaɓen da suka yi wa shiri ya daɗe da wucewa. Wannan hukunci ne ya buɗe wa Americans Elect ƙofa, ƙungiyar da attajiri Peter Ackerman ya ɗauki nauyin farawa. Ta kashe wajen dala miliyan 35, ta samu gurbi a takardar zaɓe a jihohi 29, ta gina shafi mai kyau inda mai zaɓe ke amsa tambayoyi a nuna masa ɗan takarar da ra'ayinsu ya zo ɗaya, ta kuma kafa sharaɗin cewa duk wanda ya ci sai ya ɗauki mataimaki daga wata jam'iyyar da ba tasa ba. Domin ɗan siyasa mai tarihin riƙe muƙami ya kai matakin farko, ana bukatar mutum 1,000 su mara masa baya a kowace ɗaya daga jihohi 10. Buddy Roemer, tsohon gwamnan Luwiziyana, shi ne a gaba cikin waɗanda suka fito neman tikitin, amma a wajen 6,000 ya tsaya. A watan Mayun 2012 ƙungiyar ta sanar cewa babu wanda ya cika sharaɗi, ta naɗe tabarmarta.

Na baya-bayan nan shi ne na No Labels, wadda aka kafa a 2010 ƙarƙashin jagorancin Nancy Jacobson. Domin zaɓen 2024 ta shirya kashe dala miliyan 70, ta samu gurbi a jihohi 21, sannan ta shiga bin manya gida gida. Sanata Joe Manchin ya ce ba zai tsaya ba, Larry Hogan ya koma neman kujerar sanata a Marilan, Nikki Haley da Chris Christie su ma suka ƙi. Joe Lieberman, wanda shi ne uban tafiyar, ya rasu ranar 27 ga Maris, kuma ranar 4 ga Afrilu ƙungiyar ta ce ta haƙura. Mai koyarwar ya bayyana tsoron da ya sa ƴan Dimokurat suka yi mata ca, wato abin da ya faru a Fulorida a 2000, inda George Bush ƙarami ya ci jihar da ratar ƙuri'a 537 alhali Ralph Nader, ɗan takara na uku, ya ɗebi sama da 97,000. Tun daga lokacin duk wanda ya fito a tsakiya, tambayar farko da ake yi ba ita ce ko zai ci ba, ita ce wa zai kayar.

Duk waɗannan bayanai daidai ya kawo su, na kuma duba da abin da na sani ban kama shi da kuskure ba. Saɓanina da shi a kan sunan darasin ne. An sayar mana da shi a matsayin labarin talakawa masu gini daga tushe, amma idan aka jera ƙungiyoyin nan uku, tsofaffin hadiman fadar shugaban ƙasa ne da attajirai da mashawartan siyasa suka zauna suka zana su. Americans Elect da No Labels duka sun yi rajista ne a rukunin da doka ba ta tilasta musu bayyana masu ba su kuɗi ba, kuma wannan ya jawo musu suka mai yawa. Sa hannun da ake tarawa domin samun gurbi a takardar zaɓe, wanda a Kalifoniya kaɗai ya haura miliyan guda, akasari ma'aikatan da ake biya ne ke tsayawa ƙofar manyan shaguna suna karɓa. Mutum zai sa hannu domin ya rabu da mai tambaya, ko domin ya ji haushin jam'iyyun biyu a wannan safiyar, amma wannan ba ya nufin zai bar aikinsa ya fita yaƙin neman zaɓe. Abin da suka yi ya yi kama da mutumin da ya gina rumbu, ya yi masa jinka, ya shafe shi da kyau, alhali bai shuka ko zangarniya ɗaya ba. Perot, duk da cewa ya zuba dala sama da miliyan 60 daga aljihunsa, ya fi su kusa da talakawa, domin a Fabrairun 1992 ya faɗa a talabijin cewa zai tsaya idan jama'a suka sa sunansa a takardar zaɓe a jihohi 50, kuma mutane sun fito da yawa don kansu saboda akwai mutumin da suka gani suka ji muryarsa. Su kuwa na baya kujera suka fara tanada suna neman wanda zai zauna, kuma ba a cika samun mai barin barcinsa saboda kujerar da babu kowa a kanta ba. Na so a ce mai koyarwar ne ya fito da wannan bambanci, amma kamar yana jin kunyar rushe abin da aka rubuta a allon ƙofa.

Abin mamaki, zama na uku ya tabbatar da wannan ba tare da ya yi niyya ba. An shirya mana taron fidda gwani na gwaji. Aka raba mana katuna, goma sha ɗaya ja, goma sha ɗaya shuɗi, aka zaunar da mu uku uku a gaban kwamfutocin da ke aiki muka amsa tambayoyi goma a kan harajin kasuwa, kuɗin makaranta, rabon ruwan famfo da makamantansu. Sakamakon ya nuna cewa masu ja da masu shuɗi sun yarda da juna a mafi yawan tambayoyin, kowa ya ji daɗi, aka yi ta gyaɗa kai. Sai aka zo wurin tsayawa takara, da sharaɗin cewa sai mutum ya samu goyon bayan uku daga ɓangarensa da uku daga ɗaya ɓangaren. Nan aka fara kallon kallo. Ɗalibin farko da ya tashi ya nufi bencin masu shuɗi neman goyon baya, kafin ya dawo abokansa sun sa masa suna maci amana, da wasa ne, amma biyu daga cikinsu sun janye da gaske. Katin da aka ba mu minti arba'in da suka wuce, wanda ba ya nufin komai, ya riga ya zama dangi.

A ƙarshe mutum biyu suka kai, dattijon nan tsohon ma'aikaci daga masu ja, da malamar asibiti daga masu shuɗi, suka kuma yarda su haɗu. Sai tambayar da ke kashe irin wannan aure ta taso: wa zai zama shugaba? Dattijon ya ce: "Ƴata, ke ma kin san ba a gaban babba ake shiga gaba ba." Ita kuma ta amsa a natse: "Baba, girmanka yana nan, amma masu mara mini baya sun fi naka da mutum ɗaya, sai a duba takarda." Mai koyarwar ya ciro ƙwandalar dala ashirin daga aljihu, ya ce a Amurka ma an taɓa kawo wannan shawara, a yunƙurin Unity 2020 na Bret Weinstein, inda aka ce a jefa ƙwandala domin a san wa zai fara, bayan shekara huɗu a yi musanya. Aka jefa, ta faɗa wa malamar. Nan take masu ja huɗu suka ce su sun fasa. Alhaji ya tuna mana cewa abin da ya raba Peter Obi da Rabi'u Musa Kwankwaso ke nan a tattaunawarsu ta 2022, kowa ya yarda a haɗu, babu wanda ya yarda ya zama mataimaki. Ana cikin kaɗa ƙuri'ar ƙarshe wuta ta ɗauke, injin cibiyar kuma babu mai a cikinsa, kuma da yake ba a adana amsoshin ba, duk abin da aka shigar ya tafi. Da guntayen takarda muka ƙarasa, a cikin hular Alhaji, muna gumi. Cibiyar da ta san cewa ranar tana da zaman da ya dogara da kwamfuta, ta kuma karɓi kuɗin mutum 22, bai kamata ta rasa litar mai biyu ba. Duk da haka wannan zama ya koya mini fiye da abin da aka tsara zai koya, kuma ina ba da shawarar kada a cire shi.

Zama na huɗu an ce na kwatanta tsarin Amurka da namu ne, kuma shi ne mafi rauni. Mai koyarwar ya faɗi cewa a Nijar an saba zaɓen zagaye biyu kuma ba mu da kujerar mataimakin shugaban ƙasa, daga nan ya koma maganar jihar Men, wadda tun 2020 ke barin mai zaɓe ya jera ƴan takarar shugaban ƙasa daga wanda ya fi so zuwa na baya, domin kada ƙuri'arsa ta zube idan na farkon ya faɗi. Bayani ne mai amfani, amma ya bar abin da ke gabanmu. Zagaye na biyu yana warware rabin matsalar da Amurkawan nan suka kashe miliyoyi a kanta, tunda mutum yana iya bin zuciyarsa a zagayen farko ya bi lissafinsa a na biyu. Sauran rabin kuwa, wato yadda abokan hamayya za su zauna a inuwa ɗaya bayan an ci, mu muka fi su saninsa. A 1993 Tanja Mamadu na MNSD Nasara ne ya zo na farko a zagayen farko da kimanin kashi 34, Mahaman Usman na CDS Rahama yana bin sa da kimanin 27, amma ƙawancen AFC da aka fi sani da Canji ya taru a bayan Usman ya ci zagaye na biyu da sama da kashi 54, Mahamadu Isufu na PNDS Tarayya ya zama faraminista. A Satumban 1994 Isufu ya ajiye aiki, ƙawancen ya tsage, zaɓen majalisa na farkon 1995 ya kawo Hama Amadu a matsayin faraminista daga ɓangaren adawa, aka shiga zaman doya da manja tsakanin fadar shugaban ƙasa da ofishin faraminista, har taron ministoci ya gagara, kuma ranar 27 ga Janairun 1996 Ibrahim Ba'are Mainasara ya kifar da gwamnatin. Dattijon da ke zaune kusa da ni yana aiki a lokacin, yana da abin faɗa, amma ba a ba shi fili ba.

Na fahimci dalilin taka tsantsan ɗin. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 harkar jam'iyyu ta tsaya, a Maris na 2025 kuma aka rushe su, kuma mai ƙaramar sana'a ba ya son a ce ɗakinsa ya zama dandalin siyasa. Amma abin da ya faru shekara talatin da suka wuce tarihi ne da muke koyarwa a aji, kuma ana iya ba da shi ba tare da an taɓa kowa ba. Idan ba za a iya ba, gara a cire alkawarin kwatancen daga sanarwa a mayar da zaman huɗu uku, a rage kuɗin.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma wanda zai biya ya kamata ya san su. Takardun da aka raba shafi shida ne da Faransanci kaɗai, fotokofin ya dushe har wasu alƙaluma ba sa karantuwa, kuma Alhaji da biyu daga cikin matan ba su amfana da su ba ko kaɗan, alhali bayanin baki da Hausa aka yi shi kuma babu abin da zai hana a buga shi haka. An keɓe wa mata benci na gaba kusa da taga, wanda ya dace, kuma ana tashi daidai kiran salla ba tare da jan lokaci ba. Babu ruwan sha sai wanda mutum ya saya a bakin ƙofa. Wurin ajiye babur matsattse ne, wanda ya zo a kabu-kabu ya fi samun sauƙi. An yi alkawarin takardar shaida a ƙarshe, an kuma bayar, sai dai tawa ta fito da sunana a karkace, na mayar an gyara ba tare da gardama ba. Mai koyarwar yana da haƙurin amsa tambaya, ba ya yi wa wanda bai yi boko ba kallon raini, kuma idan aka kama shi da giɓi yakan ce zai duba ya dawo, ya kuma dawo da amsar.

Ga ɗalibin jami'a, ko malami irina, ko duk mai sauraron labaran duniya da ke son ya gane abin da ake nufi da wakilai 270 a daren zaɓe, jikka ukun ba asara ba ce, zaman farko da na uku sun isa. Wanda kuma ya je da tsammanin za a nuna masa yadda talakawa ke haɗa kai su tsayar da nasu, zai dawo da labarin attajirai uku ko huɗu da shafukan intanet da aka rufe, sai ya shirya wa haka. In an sake buɗe darasin, a je da wuri domin a samu kwamfutar da ke tashi, a tafi da ruwa, a kuma matsa wa mai koyarwar ya tsaya a kan Andrew Johnson da kan 1993. Ni dai na ari dabarar gyaɗar da izininsa. Ranar Litinin da ta biyo baya na ƙirga ƙwaya 538 na kai aji na kasa su a kan tebur, kuma kafin in kai ga labarin Perot wani yaro da ke bencin gaba ya riga ya cinye jihar Wayomin.